Allon RIS mai ƙwayoyi 256: yana iya juya sigina, amma bai san inda mai laɓe yake ba

Allon faifai ne mai kusurwa huɗu, kusan santimita 42 ta kowane ɓangare, fuskarsa cike da ƙananan gidajen tagulla da aka jera layi 16 a tsaye, 16 a kwance, wato ƙwayoyi 256. An ƙera shi don mitar gigahaz 5.8, wato ɗaya daga cikin ɓangarorin da Wi-Fi ke aiki a ciki. A cikin kwalin akwai allon, da ɗan akwatin sarrafawa, da wayar USB, da ƙafar da ake kafa shi a kai, sai manhajar Python da ake saukewa. Kamfanin da ya yi shi ya ɗora tallarsa a kan alkawari biyu: zai ƙara ƙarfin sigina inda ake so, kuma zai tsare sadarwa daga masu satar sauraro. Aikina koyar da sadarwar rediyo ne da kula da ɗakin gwajinmu, kuma alkawari na biyun ne ya sa na nemi a sayo mana shi. A kansa zan fi tsayawa, domin na farkon ba shi da wata gardama, allon ya cika shi.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, RIS (gajeren sunan irin wannan allo a Turance, Reconfigurable Intelligent Surface) ba ya aika komai da kansa. Ba shi da na'urar ƙara ƙarfi, ba ya karanta saƙo, ba ya ma sanin abin da ke wucewa. Madubi ne na igiyar rediyo, sai dai madubin da za ka iya gaya masa inda zai jefa abin da ya faɗo masa. A bayan kowace ƙwaya akwai ɗan diyod na PIN, wato ɗan makunnin lantarki. Idan aka kunna shi, ƙwayar ta mayar da igiyar a kife, tudunta ya koma kwari. Idan aka kashe, ta mayar da ita yadda ta zo. Zaɓi biyu ke nan kacal, digiri 0 ko digiri 180, abin da masu sana'ar ke kira allo mai bit ɗaya. Idan ka tsara ƙwayoyi 256 ɗin da kyau, igiyoyin da suka dawo sai su haɗu su ƙarfafa juna a wuri guda, su kashe juna a wani wurin. Tie Jun Cui da abokan aikinsa a birnin Nanjing na ƙasar Sin ne suka nuna irin wannan tsari na 0 da 1 a 2014, kuma har yau yawancin allunan da ake samu a ɗakunan gwaji a kan wannan turba suke.

Ƙirar jikinsa ta yi mini. Ba ya zafi ko ya wuni a kunne, kuma tashar USB ta kwamfuta ta ishe shi wuta. Manhajar tana karɓar jerin lambobi 256, sifili ko ɗaya, ta tura su, ka ga sakamako nan take. Ɗalibin da ya san Python kaɗan zai fara wasa da shi a zama ɗaya. Ƙafar ce mai rauni: makullin da ke riƙe kusurwa yana sakewa a hankali, allon ya ɗan sunkuya. Kada a ɗauki wannan ƙaramin aibi, domin harshen siginar, wato siririn layin da take bi in an tattara ta wuri guda, da allo mai wannan girma ke fitarwa faɗinsa digiri 6 zuwa 7 ne kawai. Sunkuyawar digiri uku ta isa ta ɗauke shi daga kan wanda kake nufi. Mun koma kafa shi a kan ƙafar kyamara mai nauyi.

Ga yadda na gwada shi. Na yi amfani da rediyoyin manhaja na HackRF One tare da manhajar sarrafa su ta GNU Radio: ɗaya mai aikawa, ɗaya mai karɓa na halal, na uku kuma mai laɓe, wanda na ɗaure a kan teburi mai taya don a riƙa tura shi ko'ina a ɗakin. Daga baya na maimaita da na'urar Wi-Fi ta gama-gari da kwamfutoci biyu.

Abin farko da mai saye zai koya shi ne wurin kafawa ya fi komai. Siginar da ta bi ta allo tana raunana sau biyu, daga mai aikawa zuwa allo, sannan daga allo zuwa mai karɓa, kuma nisan biyu ninka juna suke yi, ba tarawa ba. A tazarar mita 10, idan allon yana wajen tsakiya, lissafin 5 sau 5 ne, 25. Idan yana mita ɗaya daga mai aikawa, 1 sau 9 ne, 9. Tunda ƙarfin yana raguwa ne da ninkin wannan lamba a kan kanta, bambancin ya kusan ninki takwas. Littafin da ya zo da allon ya zana shi a tsakiyar bango tsakanin na'urori biyu, wato daidai wurin da ya fi rashin amfani. Da na matso da shi kusa da mai aikawa, sai mai karɓar da ke bayan kabad ɗin ƙarfe, wanda da kyar yake jin komai, ya samu sigina tsaf. Ganin layin nan yana tashi a fuskar kwamfuta alhali ba a ƙara wa mai aikawa ko ɗigon wuta ba abu ne da har yanzu yake burge ni. Qingqing Wu da Rui Zhang na Jami'ar Ƙasa ta Singafo sun nuna a lissafi cewa ƙarfin yana hawa ne da ninkin adadin ƙwayoyi a kan kansa: ka ninka ƙwayoyi sau biyu, ƙarfi ya ninka sau huɗu. Da na kashe aikin rabin allon na kuma dawo da shi, abin da na gani ya bi wannan hanya.

To, maganar tsaro. Tushenta tsoho ne. A 1975 Aaron Wyner na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya nuna cewa idan hanyar mai karɓa na halal ta fi ta mai laɓe tsabta, akwai yadda za a tsara saƙo ya isa ga na farko ba tare da na biyun ya tsinci komai ba, kuma ba tare da wani makullin sirri ba. A 1978 Leung-Yan-Cheong da Martin Hellman suka fitar da lissafin ga hanya mai hayaniya irin ta rediyo: abin da za ka iya aikawa a asirce shi ne iyakar abin da hanyar mai karɓa ke ɗauka, a debe iyakar abin da hanyar mai laɓe ke ɗauka. Misali, idan siginar mai karɓa ta fi hayaniya sau 100, ta mai laɓe kuma sau 10, na farko yana da kusan bit 6.7 a kowace daƙiƙa a kowane haz, na biyu 3.5, ratar da ta rage ta sirri 3.2 ke nan. Idan mai laɓe ya kamo ka ko ya wuce ka, ratar ta koma sifili. Shekaru da yawa matsalar ita ce babu mai iko da hanyar, bango da ƙofa da jikin mutane ne ke yanke hukunci. RIS ya zo da albishir cewa yanzu za a iya taɓa hanyar kanta, a ɗaga ta wannan, a danne ta wancan. Wannan tunani ne mai kyau ƙwarai, kuma ina cikin waɗanda suka yi murna da shi.

A gwajin farko ya yi aiki har ya ba ni sha'awa. Na ajiye mai laɓe a wuri guda, na bar manhaja ta riƙa juya ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe duk juyin da ya ƙara wa mai karɓa ya rage wa mai laɓe. Bayan ta zagaya allon, ɗigogin da ke nuna siginar mai karɓa a fuskar kwamfuta suka tsaya cak a gurabensu, na mai laɓe kuwa suka watse suka zama hazo. Duk wanda aka nuna wa wannan hoto a wurin baje koli zai ciro kuɗi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dubi abin da na yi kafin in samu wannan sakamako: na jona mai laɓe da kwamfutata, yana gaya mini ƙarfin abin da yake ji a kowane juyi. Wane ɓarawon sauraro ne zai yi maka haka? Mai laɓe na gaskiya ba ya aika komai. Yana zaune shiru da eriyarsa, ba ka san yana nan ba, balle ka san yanayin hanyarsa. Manhajar kamfanin tana da wani gurbi da aka rubuta a shigar da wurin mai sauraro, kuma duk aikin tsaron da take yi a kan wannan gurbi ya rataya. Babu inda littafin ya faɗi a fili cewa a rayuwa ta zahiri ba za ka samu abin da za ka rubuta a wurin ba. Wannan shirun shi ya fi tsaya mini a rai a kan kayan nan gaba ɗaya.

Ko da ka san wurinsa, gurbin shirun da allon ya haƙa masa ƙarami ne. Tsawon igiya a gigahaz 5.8 kusan santimita 5.2 ne, kuma a cikin ɗaki mai bango da kayan ƙarfe, matsawar rabin wannan ta isa ta canza yadda igiyoyi ke haɗuwa. Na sa ɗaliba ta tura teburin da tafin hannu ɗaya kawai. Hazon ya fara tattaruwa, ɗigogi suka dawo, saƙon ya fito. Da muka ɗaura wa mai laɓe eriya ta biyu a ɗan nesa da ta farko, allon ya rasa yadda zai yi: ya danne wannan, waccan ta ji. Ana iya neman tsarin da zai danne duka biyun, amma kowane gurbi da ka ƙara yana cin wani abu daga ƙarfin da kake tura wa mai karɓa. Haka kuma mutum ya ratsa ɗakin, ko a buɗe ƙofa, sai a sake nema daga farko. Ga kuma faɗin tasha: Wi-Fi na amfani da megahaz 20, 40, 80 har 160, kuma gurbin da ya yi zurfi a tsakiyar tashar yakan cike a gefunanta.

Akwai wani abu da ya fi wannan, wanda ya fito daga ƙirar bit ɗaya kanta. Tunda zaɓi biyu ne kawai, ba za a iya ba kowace ƙwaya ainihin jinkirin da take buƙata ba, sai mafi kusa. Sanannen lissafi ne cewa wannan yana jawo asarar desibel 3.9, wato kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin ne ke tafiya inda ka nufa. Masu talla sukan ambaci asarar, amma ba sa faɗin inda sauran ya tafi. Idan igiyar ta faɗo wa allon kai tsaye daga nesa, ka karkatar da ita digiri 30 zuwa dama, wani harshe mai ƙarfi iri ɗaya yana fita digiri 30 zuwa hagu. Na tura teburin mai laɓe a hankali a rabin da'ira a gaban allon ina kallon ma'auni. Ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, sai da muka kai kishiyar kusurwar mai karɓa, ya tashi tsaye har ya yi kafaɗa da na mai karɓan. A wannan wuri allon da aka saya don tsaro shi ne ke kai wa mai laɓe saƙon har inda yake, da ƙarfin da ba zai samu ba in babu allon. Idan ana maganar ƙara sigina ne kawai, harshe na biyu ɓarna ce ta wuta. Idan ana maganar sirri, ɓaraka ce. Ana rage shi ta hanyar matso da mai aikawa kusa sosai, yadda igiyar za ta iso a lanƙwashe, sai harshen na biyu ya bazu ya yi rauni, kuma na ga hakan da idona. Allo mai bit biyu, mai zaɓi huɗu, asararsa desibel 0.9 ce kuma ba shi da wannan tagwayen harshe mai ƙarfi. Wanda tsaro ne ya kawo shi, wancan ya kamata ya nema.

Ko harshen na gaskiya ma ba ya tsayawa a kan mai karɓa. A nisan mita 10 faɗinsa ya haura mita ɗaya, kuma yana wucewa gaba. Wanda ya tsaya a bayan mai karɓa a kan layi ɗaya, ko a gabansa, yana sha daga abin da aka zuba. Sannan allon yana da iko ne kawai da abin da ya faɗo masa. Siginar da ta fita daga eriyar mai aikawa ta nufi taga kai tsaye ba ta bi ta kansa ba.

Da na koma kan Wi-Fi na gama-gari sai wani gibin ya bayyana. Lissafin Wyner yana zama sirri ne idan an tsara saƙon da irin lambobin da aka yi musamman don wannan rata. Wi-Fi ba ya yin haka. Abin da ke faruwa shi ne idan siginar mai karɓa ta yi kyau, na'urar takan hau zuwa tsari mai sauri irin 256-QAM, wanda mai raunin sigina ba ya iya warwarewa. Wannan riba ce ta gaske, na ga fakitocin bayanai suna lalacewa a hannun mai laɓe. Sai dai sanarwar da na'urar ke yi wa duniya da sauran saƙonnin gudanarwa suna tafiya ne a mafi ƙanƙantar gudu, megabit 6 a daƙiƙa a wannan ɓangare, domin kowa ya ji. Mai laɓe ya ci gaba da ganin sunan hanyar da adireshin na'urori da lokacin da suke magana. Da kwamfutar ta sauka zuwa gigahaz 2.4 kuwa, inda tsawon igiya ya kai santimita 12.5, juya ƙwayoyin bai ƙara tasiri ba. Kuma duk desibel ɗin da na danne, mai laɓe zai iya dawo da su da eriya mai tattara sigina, wadda ba ta da wuyar samu.

Akwatin sarrafawar ma yana da nasa. Ban da USB, yana buɗe wata hanyar Wi-Fi ta kansa don a riƙa ba shi umarni daga nesa, da kalmar sirri ta masana'anta da aka buga a littafin, kuma umarnin yana tafiya ba tare da an tantance mai aiko shi ba. Duk wanda ya shiga zai iya juya harshen zuwa kansa, ko ya riƙa kaɗa ƙwayoyin da sauri har sadarwar ta rikice. Ba zato nake yi ba: masu bincike a Bochum ta Jamus sun nuna a 2022 cewa allo irin wannan yana iya durƙusar da Wi-Fi ba tare da ya aika siginar kansa ba. A shekarar kuma, masu bincike na jami'o'in Rice da Brown a Amurka suka ƙera wani faifai da takardar ofis da firinta da ɗan ƙarfe mai sheƙi, suka sa shi a tsakiyar hanyar sadarwa mai gigahaz 150, ya karkatar da wani kaso na siginar zuwa ga mai laɓe. Wannan fasaha ba ta da ɓangare, wanda ya riƙe ta shi take yi wa aiki. Na kashe hanyar nesan a ranar farko. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa da ladabi cewa kayan na bincike ne. Na yarda, amma to a cire kalmar tsaro daga kwalin, ko a gyara akwatin.

Inda allon ya ba ni abin da ban saya shi dominsa ba shi ne wajen ɓoye motsin mutane. Wanda ke waje da ɗaki yana iya gane ko akwai mai motsi a ciki ta hanyar lura da yadda siginar Wi-Fi ke rawa, ko da bai iya karanta saƙo ko ɗaya ba, kuma kulle saƙo da lambobin sirri ba ya hana wannan. Ƙungiyar Cibiyar Max Planck ta tsaro da sirri da Jami'ar Ruhr ta Bochum da jami'ar fasaha ta Kolon sun gabatar da wata dabara mai suna IRShield a 2022: a bar allon ya riƙa canza tsarinsa barkatai, yadda siginar za ta riƙa rawa ko da mutum ko babu. Sun ba da rahoton cewa gano motsin ya faɗi zuwa kashi 5 cikin 100 ko ƙasa. Na rubuta ɗan gajeren shiri mai kama da haka. Kafin in kunna, layin da mai laɓe ke gani a kwance yake, yana tsalle ne kawai idan wani ya taka. Bayan na kunna, tsallen ya zama na kowane lokaci, na kasa bambance takun ɗalibi da juyin allo, sadarwar kuma ta ci gaba. Kyawun wannan shi ne ba ya buƙatar ka san inda mai laɓe yake. Manhajar kamfanin ba ta zo da shi ba, kuma a ganina shi ya fi cancanta a sa a gaba.

Ina faɗin duk wannan ne domin na san yadda ake sayen kayan tsaro. Shugaban ofis ya ji an ce allo yana hana satar sauraro, ya rataya shi, hankalinsa ya kwanta, a bar sabunta na'urori. Kullen Wi-Fi yana da tarihin karyewa, gaskiya ne: WEP ya faɗi tun 2001, Mathy Vanhoef ya fallasa raunin KRACK a WPA2 a 2017, WPA3 da ya fito a 2018 ma an samu abin gyara a cikinsa a 2019. Wannan tarihi ne ya sa ake neman kariya ta biyu a matakin igiyar kanta, kuma neman ya dace. Amma kulle da lambobin sirri yana aiki ko mai laɓe yana jingine da na'urarka, allon nan kuwa sai ya san kujerar da mutumin ya zauna. Cibiyar ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, sai a 2021 ta kafa rukunin da ke nazarin RIS, fasahar tana ƙuruciyarta.

Ga malami, ko ɗalibin digiri na biyu, ko injiniyan da ke son ya taɓa abin da ake rubutawa a kan 6G da hannunsa, ina ba da shawarar allon ba tare da jinkiri ba. Darasi ɗaya da teburi mai taya ya koya wa ɗalibaina abin da zane a allon aji na mako biyu bai koya musu ba, musamman harshe na biyun nan. Ga mai ɗakin da sigina ba ta kai wani lungu, zai yi amfani idan za a iya kafa shi kusa da na'urar Wi-Fi. Ga asibiti ko banki ko ofishin lauya da ke neman abin da zai hana a saurare su, kada su saya da wannan niyya. Su kunna WPA3, su sabunta na'urorinsu, su rage ƙarfin aikawa zuwa iyakar abin da ginin ke buƙata, abin da ya fi muhimmanci kuma su bi da shi ta waya. Daga kamfanin ina jiran abu uku kafin in sake duba maganar tsaro: ƙwayoyi masu bit biyu, akwatin sarrafawa mai tantance umarni, da shafi a littafin da zai nuna wa mai saye taswirar duk inda siginar ke zuwa, har da inda bai aike ta ba.